Yadda Za Ka Shiga Sana'ar Haɗa Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, kuma lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a watan Oktoban 2024 Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu, wayata ba ta huta ba. Aiki akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai yin sa da kyau.

Ƙanina, kafin ka hau kan kwano, fara da biro da takarda. Fanka mai cin wat 70, in ta yi awa 8 tana juyawa, ta sha wat-awa 560, wato 70 sau 8. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, wato 12 sau 200, amma rabin kawai ake so a zuƙa in ana son ya yi ƙarko. Ka ga fanka biyu sun kusa cinye rabon dare ɗaya, ba a ma zo maganar firji ba. Wannan lissafin shi ne sana'ar. Na taɓa zuwa gidan wata Hajiya da batiranta suka mutu cikin wata shida, tana ta kuka da mai shago. Ashe wanda ya haɗa mata bai tambaye ta ko tana jona dutsen guga ba. Kuɗin adashinta ne na shekara guda, abin ya tsaya mini a rai.

Sai ka nemi maigida. Ka zauna ƙarƙashin wanda ya iya wayarin ɗin gida tukuna, ka san mitar gwada wuta, ka san bambancin jera farantan sola a layi ɗaya da haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ka san dalilin da siririyar waya ke zafi har ta narke. In da hali, ƙara da kwas a NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, domin kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin sola a karkara tare da hukumar REA mai samar da lantarki a karkara sukan nemi takardar shaida.

A ƙasarmu faranti kudu yake fuskanta, a ɗan kishingiɗe. Lokacin hunturu ƙura kan rufe shi wuta ta ragu, sai a wanke da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Ka koya wa mai gidan wannan, ka nuna masa yadda ake ƙara wa batir tataccen ruwa irin na batir, ba na rijiya ba.

Kada kuma ka maƙale a birni. Manoman rani na Kura da Kadawa suna neman injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma duk rijiyar burtsatsen da aka sa wa sola tana buƙatar mai gyara a kusa. Kayan fara aiki ba su da yawa: mita, filaya, sukundireba, injin huda bango da tsani mai ƙwari.