Yadda ake haɗa farantin sola na ferobskait mai girman kasuwa a danshin Accra

Ferobskait wani sinadari ne mai dalma da ke mayar da hasken rana wuta. A 2009 ƙwayar sola ta ferobskait da masanin kimiyya Tsutomu Miyasaka ya haɗa a Japan kashi 3.8 cikin ɗari kawai na hasken rana take mayarwa wuta. Yau an wuce kashi 26, amma a kan ƙwayar da ba ta kai farcen yatsa ba. Da an faɗaɗa ta zuwa faranti sai ƙarfin ya sauka, kuma a Accra danshi ne ke fara cin ta.

Don haka kafin a sayi kowane inji, a gina busasshen ɗaki. Laimar iskar Accra takan wuce kashi 80 da damina, ga gishirin teku idan a Tema, garin tashar jiragen ruwa kusa da Accra, aka kafa. Ferobskait na shan danshi sai baƙinsa ya koma ɗorawa, alamar ya tarwatse ya bar sinadarin dalma da aidin. A sauke laimar ɗakin ƙasa da kashi 30, a sa matatar iska saboda ƙurar hunturu, domin ƙwayar ƙura guda kan huda shimfiɗar, wuta ta riƙa zurarewa ta nan. Injin busar da iska kuwa lallai ya samu janareta nasa. Dumsor, wato ɗaukewar wuta, na awa ɗaya ya isa ya lalata aikin yini.

A ɗakin gwaji juya gilashi ake yi da gudu tawadar ferobskait, wato narkakken sinadarin, ta bazu, mafi yawanta ta zube a banza. A masana'anta injin mai siririn baki ne ke bi ta kan gilashin yana shimfiɗa ta, kauri wajen nanomita 500. Nan take a hura mata iskar naitrojin, sannan a gasa tsakanin digiri 100 zuwa 150. Idan hurawar ta yi jinkiri, ƙwayoyin ferobskait ɗin za su fito manya da ƙanana, a ga dabbare-dabbare a gilashin. DMF, ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki, guba ne. Sai da bututun zuƙe tururi.

Ga zafinmu, a guji sa sinadarin metilamoniyam a tawadar, don ba ya jure zafi. Haɗin fomamidiniyam da siziyam ya fi daɗewa.

Ana tsaga farantin da leza sau uku, P1 tun kafin a shimfiɗa tawadar, P2 da P3 bayan haka, ya zama siraran layuka masu haɗe da juna. Duk tazarar da ke tsakanin tsagun nan ba ta ba da wuta, a matse ta ƙasa da rabin milimita. Azurfa ba ta dace da shimfiɗar saman da ke kwashe wutar ba, aidin na cin ta. Tagulla ko kabon sun fi.

Rufi shi ne inda masu ƙoƙarin rage kuɗi ke faɗuwa. Gilashi sama, gilashi ƙasa, a liƙe gefe da robar butil. Kada a ɗauko ledar EVA da aka saba sa wa farantin silikon, tana fitar da asid da ke lalata ferobskait. Wata leda mai suna POE ake sa wa. Rufin nan ne kuma ke hana dalma shiga ƙasa idan faranti ya fashe a kan rufin gida a unguwar Nima.

Kafin a kai kasuwa, faranti ya yi awa 1,000 a zafin digiri 85 da laima kashi 85, gwajin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61215. Kamfanin Oxford PV ya fara sayar da nasa a 2024 daga Jamus, shi kuwa ɗora ferobskait ya yi a kan silikon, kuma mai farawa a Ghana ta nan ya fi dacewa ya bi.