Yadda Ake Zaɓen Ƙyallen Maikurofaiba da Kula da Shi Don Kada Ya Kwarzane Kaya Masu Sheƙi

Da sanyin bara na fito wata safiya na tarar hazo ya kwana a kan motata. Baƙa ce, amma ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata gari. Ina sauri, sai na zaro ƙyallen maikurofaiba daga but, na goge bonet da ƙofofi haka nan a bushe. Da rana ta take na duba fentin, sai ga zane-zane sirara sun kewaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ƙyallen ba na banza ba ne, da tsada na saye shi. Abin da ya cuce ni ƙura ce: wadda ke jikin motar, da wadda ƙyallen ya yi watanni yana tarawa a cikin but.

Ƙurar hunturu a ido gari ce, amma a cikinta akwai ɓurɓushin kwaz, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, kwaz yana mataki na 7, gilashin taga kuwa wajen 5.5. Abin da ya fi gilashi tauri, me zai bar wa fentin mota, ko fuskar talabijin, ko tabarau, wanda yawancinsa yanzu roba ce aka yi wa shafe? Don haka duk aikin da ke ƙasa manufarsa ɗaya ce: kada wannan ɓurɓushi ya shiga tsakanin ƙyalle da abin da ake gogewa.

Mataki na farko: zaɓe a kasuwa

Maikurofaiba zare ne na roba da ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, faɗinsa bai kai maikuromita 10 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ana haɗa shi daga foliyesta da nailan, kuma a jikin leda za ka ga an rubuta 80/20 ko 70/30. Lamba ta biyu ita ce kason nailan, wanda kamfanoni ke rubutawa da sunan polyamide. Don fentin mota da kayan ɗaki masu sheƙi ni na fi son 70/30, ya fi laushi kuma ya fi shan ruwa. Wanda aka rubuta foliyesta ɗari bisa ɗari ka bar shi don goge tayil ko ƙafar mota.

Sirrin na kirki shi ne an tsattsaga kowane sili a masana'anta, ya zama mai loko-loko da ke kama ƙura ya riƙe ta, maimakon ya tura ta gaba kamar yadda tsumman atamfa ke yi. Za ka gane wannan da hannunka. Shafa shi a bayan hannu ko a tafinka: idan kana jin yana ɗan maƙalewa a kaushin fata, an tsaga zaren. Idan santsi kawai yake kamar rigar ƙwallo, ajiye shi. In mai shago ya yarda, ɗiga ruwa a kan tebur ka tura da ƙyallen. Na gari tsotsewa yake, na bogi sai ya kora ruwan gaba.

Sai nauyi, wanda ake rubutawa GSM, wato giram nawa ke cikin murabba'in mita ɗaya. Mai 200 zuwa 300 na aikin gida ne na yau da kullum. Fenti na son mai 350 zuwa sama, mai gashi-gashi, saboda in an yi rashin sa'a tsakuwa ta shiga, tana da wurin nutsewa. Gilashin taga da madubi sun fi son mara gashi, mai saƙa gida-gida, don ba ya barin zare. Tabarau da idon kyamara kuma ɗan ƙaramin nan mai sumul da ke zuwa a cikin gidan tabarau.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne bakin ƙyallen. Da yawa ana daje musu baki da zare mai tauri, to wannan ɗinkin shi ke fara yin ɓarna. Nemi wanda aka yanke ba ɗinki, ko wanda aka naɗe bakinsa da yadi mai laushi. Takardar da ke maƙale a gefe kuma, cire ta tun ranar farko, har da guntun da ke saura cikin ɗinki.

Kafin ka amince da shi, nemi tsohon faifan sidi a gida, ka goga ƙyallen a ɓangaren da ke ƙyalli, da tsakiyarsa da bakinsa, sannan ka ɗaga faifan a haske. In ya bar zane, kada ya kusanci motarka.

Mataki na biyu: wanke sabo, raba musu aiki

Sabon ƙyalle ya sha ƙurar shago, wasu kuma suna zuba, musamman ja. Wanke shi kafin a fara aiki da shi. Sannan ka ware launi: misali shuɗi na gilashi, rawaya na fenti, baƙi na taya da ƙasan mota. Ka sanar da yara da duk mai taya ka aiki, don ƙyallen da ya taɓa goge taya ko murhu ya gama hawa fenti har abada.

Mataki na uku: gugar kanta

Kada ka taɓa goge ƙura mai yawa a bushe. Mota a fara kwarara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka. Tabarau a tara shi a ruwa, a sa ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, sannan ƙyalle ya tsane shi. Ina ganin mutane suna hura wa tabarau iska da baki su murza da bakin riga, abin yana damuna, don a haka shafen jikinsa ke mutuwa cikin 'yan watanni.

Talabijin da kwamfuta ba a zuba musu ruwa. Kashe su, su huce, ka kaɗe ƙurar sama-sama da ƙyalle mai tsabta ba tare da dannawa ba, sannan ka ɗan fesa ruwa a jikin ƙyallen, ba a jikin allon ba, ka bi a hankali.

Ninke ƙyallen biyu, ka sake ninkewa. Yanzu kana da fuska takwas. Goga sau ɗaya ko biyu, ka juya sabuwar fuska. Ka riƙa jan hannu a miƙe, kada ka yi ta kewayawa, kuma nauyin hannunka kaɗai ya isa. Tabon da ya ƙi fita, kamar kashin tsuntsu, a ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle na 'yan mintuna ya yi laushi, ba a sa masa ƙarfi.

In ƙyalle ya faɗi ƙasa, aikinsa na ranar ya ƙare. Kakkaɓewa ba ta fitar da yashi daga maikurofaiba, tunda kamawa aka yi shi ya yi. Shi ya sa ake ajiye biyu ko uku a kusa.

Mataki na huɗu: wanki, shanya da ajiya

A wanke su su kaɗai. In aka haɗa da tawul ko singileti na auduga, za su kwashe duk zaren da ke fita, su riƙa barin sa a gilashi. Na taya kuma kada ya shiga bokiti ɗaya da na fenti.

Sabulun ruwa kaɗan ya fi omo, saboda garin da bai narke ba yakan maƙale cikin zaren. In omo ne kawai a hannu, narkar da shi sarai a ruwan ɗumi kafin a tsoma. Ban da ruwan nan mai sa tufafi laushi da ƙamshi, don yana toshe lokon zaren, ƙyallen ya daina shan ruwa ya koma shafa maiƙo. Ban da bilic, ban da tafasasshen ruwa. Ɗumin da hannu zai iya jurewa, wajen digiri 40, ya wadatar. A cuɗa a hankali, a ɗauraye har sai ruwan ya fito garau. In ruwan rijiya ne mai yashi, a bari ya kwanta tukuna a tsiyaye na sama.

Dutsen guga kada ya taɓa shi, roba ce, zafi yana ƙanƙance bakin zaren ya yi kaushi. Wajen shanya kuwa, a lokacin hunturu cikin ɗaki ya fi, don jiƙaƙƙen ƙyalle a igiyar tsakar gida kafin ya bushe ya sake cika da ƙurar da aka wanke. Ba a shimfiɗa shi a kan katanga ko ciyawa.

Da ya bushe, ɗaga shi a haske ka bi da yatsa, ka tsince duk wani tsinke ko ƙaya ko ƙarangiya da ta maƙale. Ninke shi ka sa a leda mai zif ko roba mai murfi, kowane launi da gidansa. Na cikin mota ma haka, kada ya zauna tsirara kusa da jak da safaya. Ranar da ka ji ya fara tauri ko ya daina shan ruwa har bayan an wanke shi, sake gwada shi a faifan sidi. In ya yi zane, mai da shi na goge taya, ka buɗe sabo.