Yadda za ku koya wa yara ban-ruwan shuka ba tare da sun kashe muku ita ba

Duk cikin ayyukan gida da ake fara ɗora wa ƙananan yara, ban-ruwan shuka ne kusan wanda ba sai an yi ta lallashi ba, don dama yaro ba abin da yake so irin wasan ruwa. Matsalar ma son ne yake yin yawa. Ka miƙa wa ɗan shekara huɗu buta ka ce je ka ba fulawar can ruwa, zai juye mata shi kaf, ya koma famfo ya ciko, ya sake juyewa, har ƙasar tukunyar ta koma taɓo ruwa na malala ko'ina, shi kuma yana washe baki wai ya yi aiki. To shi ya sa ni a ganina darasin farko shi ne dubawa, wato yaro ya saba kafin ya zuba ko ɗigo ɗaya sai ya taɓa ƙasar tukuna ya ji tana so ko ba ta so. In ya iya wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Dalili kuwa, mutane da yawa har manya ba su san saiwar shuka tana numfashi ba. A tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan guraben iska, daga nan saiwa take samun iskar da take buƙata. In kullum ƙasar a jiƙe take sharkaf sai ruwa ya cike guraben nan, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓewa, ta yi baƙi ta yi laushi har da ɗan wari. Abin haushin shi ne ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi irin na shukar da ƙishi ya dama, mai ita ya gani ya ce ai ruwa take so ya ƙara mata, shikenan ya ƙarasa ta. Shukar cikin tukunya yawan ruwa ya fi yi mata illa a kan mantuwar kwana biyu. Yaro kuma ba sai an yi masa dogon bayani ba, ku ce masa kawai ita ma tana shan iska ta ƙasa, in ka cika mata ruwa za ta shaƙe. Yana ganewa.

Ku fara da ba shi tasa shi kaɗai. Tukunya ɗaya, a rubuta sunansa a jiki, ko shi ya yi mata zane da kansa. Kar dai ku gwada shi da shukar da kuka fi ji da ita a gidan, in ba haka ba ku ne za ku tsaya a kansa kuna "kai a hankali, kai ya isa haka" har aikin ya fita masa a rai. Wake yana da kyau a fara da shi, ƙwayar babba ce yatsunsa za su iya riƙewa, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma zai ga tsiro ya ɗago ƙasa, don yaro ba shi da haƙurin jiran wata biyu. Na'a-na'a ma tana da kyau, tana da juriya, ko ta yi yaushi in ta sha ruwa takan farfaɗo. Amma irin su kaktus da alobera da mutane ke cewa ai su ne masu sauƙi, ni dai ban ga dacewarsu da ƙaramin yaro ba, ruwa kaɗan suke so kuma sai an daɗe ba a ba su ba, shi kuwa so yake kullum ya zuba, ga kaktus da ƙaya.

Ko wace irin tukunya ce, ta ƙasa ko ta roba ko ma gwangwani, dole ne a sami huji a gindinta. In babu ku ɓula da ƙusa. Wannan ba abin muhawara ba ne.

Sai abin zubawa. Ruwa lita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya ne, kun ga babbar butar ban-ruwa mai lita 10 kilo 10 ke nan, yaro ba zai iya ba, zai dai ja ta yana tangal-tangal ya kife ta a kan shukar. Ku nemo gorar roba 'yar rabin lita, ku huda murfin wuri huɗu ko biyar da ƙusa siririya, ya zama in ya matsa ruwan yana fitowa siri-siri. Ko ƙaramin kofi da kuka ja wa layi da alƙalamin maka, ku ce iya nan za ka ɗebo. Amfanin ƙaramin abu shi ne ko ya juye duka ɓarnar ba ta da yawa.

Yanzu ga ainihin darasin, kuma a nan ya kamata ku ɓata lokaci. Ku ajiye tukwane biyu a gabansa, ɗaya an ba ta ruwa jiya, ɗaya ta yi kwanaki ba ta sha ba. Ku kama masa yatsa manuni ku cusa a ƙasar ta farko, can gefe-gefe don kar a taɓa saiwa. Babba gaɓa ɗaya ta ishe shi, wajen santimita 2 zuwa 3, amma yatsan yaro gajere ne sai ya kai har gaɓa ta biyu. Ku tambaye shi, me ka ji? Zai ce sanyi. Ya zaro yatsan ya ga ƙasa ta manne masa baƙa. Sai ya cusa a ta biyun, ya ji ba sanyi, ƙasar tana warwatsewa, yatsan ya fito kusan fes sai ɗan ƙura. To wacce ce take jin ƙishi? Ku bar shi ya faɗa da bakinsa, kar ku riga shi. Ku kuma nuna masa cewa saman ƙasa yana yaudara, sama na iya yin fari ƙal a bushe alhali ciki da danshi, shi ya sa kallo kawai bai isa ba. In yaron mai ƙyanƙyami ne ba ya son ƙasa a farce (akwai su, kar a tilasta), a ba shi ɗan siririn itace ya soka ya zaro ya duba ko ya jiƙe. Waɗanda suka ɗan tasa kuma a koya musu ɗaga tukunyar, wadda ta sha ruwa da nauyi, busasshiya sakayau, bayan 'yan makonni hannunsu zai gane da kansa.

Ranar da ya dawo ya ce "Mama yau ban ba ta ba, da sauran danshi", ranar ce za ku yabe shi sosai, fiye ma da ranar da ya zuba. Don a wurin yaro riƙe gora cike da ruwa ya mayar da ita bai zuba ba ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen zubawar, a gindin shuka ake zubawa a kan ƙasa, ba a kan ganye ba, don ganyen da yake yawan kwana a jiƙe ya fi saurin kamuwa da cuta. A hankali, yana zagaya tukunyar, ya zuba kaɗan ya ƙirga ɗaya zuwa goma ƙasa ta shanye, ya sake zubawa, da ya ga ruwa ya fara ɗigowa ta hujin ƙasa sai ya tsaya. Yara na son wannan ɓangaren, sai ka ga sun durƙusa suna leƙen gindin tukunya suna jiran ɗigon farko. In akwai faranti a ƙarƙashi, bayan kamar rabin awa ya zubar da ruwan da ya taru, wannan ma cikin aikin yake, don ban da ruɓewar saiwa sauro na yin ƙwai a irin wannan ruwan, kuma in da zafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan ya zama sauro mai tashi.

Wani abu da ke rikita yara, in ƙasa ta bushe ƙamas takan tsuke ta rabu da jikin tukunya, sai a zuba ruwa ya bi ta gefe ya fice nan take, yaro ya ce ai ta ƙoshi alhali tsakiya ko jiƙewa bai yi ba. In haka ta faru a tsoma tukunyar a roba mai ruwa minti 20 zuwa 30 ta sha ta ƙasa, sannan a cire.

Lokaci kuma safiya ta fi, kafin rana ta yi zafi, in ba ta samu ba da yamma. Ku haɗa aikin da wani abu da dama yake yi kullum, misali da ya gama goge baki sai duba shuka, ya fi a ce masa ƙarfe kaza. In za ku manna takarda a bango yana yin maki ko yana liƙa sitika, to ku rubuta "na duba" a sama maimakon "na zuba", in ba haka ba saboda sitika zai riƙa zubawa kullum. Kuma ba wata doka ta kwana kaza-kaza da za ta yi aiki ko yaushe, lokacin zafi da iska ƙasa na saurin bushewa, lokacin sanyi tana daɗewa, tukunyar ƙasa ta fi ta roba saurin bushewa, ƙarama ta fi babba, ta bakin taga ta fi ta lungu.

Game da shekaru, ɗan biyu zuwa uku tare za ku yi, ku riƙe gorar da shi. Daga huɗu zuwa shida zai iya kula da tasa kuna kallo daga nesa. Daga bakwai a ƙara masa biyu ko uku masu buƙata daban-daban, ya riƙa cire busasshen ganye yana leƙa bayan ganye ko akwai ƙwari. In yaran da yawa ku raba musu tukwane, don in tukunya ɗaya ce tsakanin yaya da ƙani kowa zai zo ya zuba nasa a ɓoye, ko kuma kowa ya ce ai ɗan'uwansa ya yi. In dole sai sun yi tarayya a sami ɗan tsinke mai kala, wanda ya ba ta ruwa ya soka shi a ƙasa alamar an yi na yau.

Zai manta, wannan tabbas ne. Zumuɗin makon farko yana wucewa. In kun ga ganye ya fara sunkuyawa kar ku lallaɓa ku zuba a bayan idonsa, in kuka yi haka sau biyu aikin ya dawo naku har abada. Ku kira shi ku ce zo ka ga mutuniyarka, me ya same ta? Ya taɓa ƙasar, ya ba ta ruwa, bayan 'yan awoyi ya dawo ya ga ganyen sun miƙe, wannan ya fi faɗa shiga kai. Kar kuma ku mayar da shi horo, irin tunda ka yi laifi je ka ba shuka ruwa. In ma ta mutu ba wani tashin hankali ba ne, ku tuge ta tare ku duba saiwar, in baƙa ce mai laushi ruwa ne ya yi yawa, in busasshiya ce tana karyewa ƙishi ne, sai ku sake shuka wani irin.

Akwai wuraren da ba a wasa da su. Kar a bar bokiti da ruwa inda mai rarrafe ko mai koyon tafiya yake, yana iya faɗawa ta kai ya kasa fitowa ko da ruwan kaɗan ne. In a cikin ɗaki ne a ajiye tsumma kusa ya goge abin da ya zuba saboda santsi, tukunyar kuma ta yi nesa da soket da wayoyin wuta. Takin zamani da maganin ƙwari aikin manya ne, a ɗaga su sama. Wasu shukokin ado suna da guba in an tauna, irin su Dieffenbachia (mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari) da oleander (mai dogayen siraran ganye da furanni), in ba ku tabbatar da wadda kuke da ita ba kar ku sa ta a rabon yaro. Ruwan da ke da bilic ko gishiri ko maiƙo ba na shuka ba ne, tiyon da ya yini a rana kuma a bar ruwan farko mai zafi ya zube tukuna. In ya gama ya wanke hannu da sabulu.

In ya fara tambayar wai ina ruwan yake tafiya, ku sami farar leda mai nuna ciki ku rufe reshe ɗaya mai ganye da ita, ku ɗaure bakin, ku bar shukar a wuri mai haske. Bayan 'yan awoyi zai ga raɓa ta taru a cikin ledar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da shuka ta ja ta ganye yake fita, ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ku dai tuna ku cire ledar a ranar, in ta daɗe a rana mai zafi ganyen zai dahu a ciki.