Yadda ake karanta kwanson harsashi bayan harbi, da auna rarar wuyan kwanso

A Amurka akwai masu wasan harbin saiti da basa siyan harsashi haɗaɗɗe, kwanson da suka harba shi suke tsincewa su sake cikawa da kansu, doka ta yarda musu a can (mu nan Najeriya kar ma ka fara, haɗa harsashi ba lasisi laifi ne). Abin da ya ja hankalina shi ne kafin mutum ya taɓa albarushi sai ya zauna ya duba tsohon kwanson nan kamar likita da majinyaci, domin duk abin da ya faru a cikin bindiga lokacin harbi yana rubuce a jikin tagullar.

Mataki na farko, juya kwanson ka kalli gindinsa. Firaima, wato ɗan kofin nan da allurar bindiga ke bugawa, in lafiya lau ne gefensa zai kasance a zagaye. In ka ga ya baje kamar an goge shi da dutsen guga, ko wajen da allura ta buga ya yi tudu kamar bakin rijiya, to ƙila furesha, wato ƙarfin matsin da albarushi ke haifarwa in ya kama, ta yi yawa. Na ce ƙila fa, don firaima maƙaryaci ne wani lokacin, ramin allura mai faɗi ma yana kawo wannan tudun. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin kwanso, inda tagulla ta kutsa cikin ramin abin fitar da kwanso, sai kuma sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa. In waɗannan biyun suka haɗu a dakata kawai, ba gardama.

Na biyu, duba ɗan sama da gindin kaɗan. In akwai zobe mai haske da ya kewaye kwanson, lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ciki ka goga, in ka ji ta faɗa kwari to wajen ya sirance ya kusa rabewa biyu, a jefar da shi.

To yanzu ga inda maganar take, wuyan kwanso, wato siririn bakin nan da ke riƙe kan harsashi. Lokacin harbi dole wuyan kwanso ya buɗe ya saki kan harsashi, in bai samu wurin buɗewa ba a cikin cembar bindiga, wato ramin da harsashi ke zama kafin harbi, sai ya shaƙe shi, furesha ta yi tsalle duk da albarushin daidai yake, kuma mutum ya yi ta rage albarushi yana zargin abin da ba shi da laifi. Gwaji mafi arha: ɗauki kwanson da aka harba wanda ba a matse shi don sake cikawa ba tukuna, ka sa sabon kan harsashi a bakinsa. Ya kamata ya zame ciki salin alin. In ya ƙi shiga ko sai da turi, rarar da ke tsakanin wuyan kwanso da bangon cemba ta yi kaɗan. In kuma ya shiga lafiya sai ya tokare daf da kafaɗa, inda wuya ya haɗu da jikin kwanso, wannan kaurin tagulla ne da ya taru a ciki, su donot suke ce masa saboda siffarsa, sai an kankare shi. A tabbata dai bakin kwanson bai lotsa ba wajen faɗuwa ƙasa, in ba haka ba gwajin zai ruɗe ka.

Sai lissafi, da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙananan abubuwa, don awon nan kashi ɗaya ne cikin dubu na inci, ido baya gani. Auna wuyan harsashin da aka gama haɗawa, ko ka ɗauki kaurin bangon wuya sau biyu ka haɗa da faɗin kan harsashi. Misali harsashin da ake kira 6 PPC, wanda Palmisano da Pindell suka ƙirƙira a shekarun 1970 kuma har yau shi ne sarki a gasar harbi daga kan tebur ta gajeren zango: faɗin kan harsashi inci 0.243, cemba da yawa wuyanta 0.262, in an fere bango ya koma 0.0085 jimla ta zama 0.260, rara 0.002 kenan. Su 'yan gasa suna iya zama a nan saboda kowane kwanso sun fere shi da hannu kuma suna goge cemba kullum. Bindigar farauta ko ta kamfani rararta ta fi haka sosai, da gangan aka yi ta bisa ma'aunin SAAMI, ƙungiyar maƙeran bindiga da harsashi ta Amurka, don ta karɓi harsashin kowane kamfani mai girmanta, har da ƙura.

Faɗin wuyan cemba fa? Wasu maƙera suna buga shi a jikin bututun. In babu, auna wuyan kwanson da aka harba ka ƙara kamar 0.001, don tagulla tana ɗan komawa bayan ta buɗe, amma wannan kintace ne, mai son tabbas sai ya kai wa maƙeri ya zuba Cerrosafe, wani ƙarfe mai saurin narkewa, ya fitar da siffar cembar. Kuma duk lokacin da aka canja kamfanin kwanso, a ce daga Winchester zuwa Lapua, a sake awon daga farko tunda kaurin bangon ba ɗaya ba ne. Tsawon kwanso ma a auna, in ya wuce ƙa'ida bakinsa zai cusa gaba ya danne kan harsashi, shaƙewar dai iri ɗaya ce.