Yadda za ka riƙe matasan unguwarku har ya zama aikinka

In kana so jan matasan unguwarku a jiki ya zama aikinka na dindindin, to kar ka fara da buga fosta ko buɗe shafin Facebook, fara zuwa gun mai unguwa da liman ka faɗa musu nufinka, don in iyaye ba su yarda da kai ba wallahi ko yaro ɗaya ba za ka samu ba. Sai ka riƙa zama majalisar samarin a teburin mai shayi bayan isha'i, kai dai saurara, wa'azi ba yanzu ba.

Ɗauki kaɗan, biyar ma sun isa. Wanda ya gama sakandare ka duba ko yana da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, tunda daga 2021 JAMB ba ta rajista sai da shi. Wanda boko bai karɓe shi ba ka kai shi koyon walda ko gyaran waya, in a Kano kake ga kasuwar waya ta Farm Centre nan, amma fa ka dinga leƙawa duk sati, nan ake zamewa, yaro ya ce ya tafi shago ashe yana gidan kallon bal.

Maganar kuɗi kuma, kar ka saki sana'arka tukuna. In abin ya kankama ku yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe mata asusun banki, gudummawar jama'a kar ta taɓa shiga asusunka.