Kurakuran da 'yan likitancinmu ke tafkawa wajen shiga ƙungiyoyin likitocin sararin samaniya

Kwanaki wani ƙanina da ke aji biyar a makarantar likitanci ya turo min hoton wani satifiket ta WhatsApp, ga roka ga taurari ga hatimi ruwan zinare, wai ya zama mamba na dindindin a wata akademi ta likitocin 'yan sama jannati, har da biyan dala ta katin abokinsa. Nace masha Allah, to su waye shugabanninta, a ina suke taro, wace mujalla suke fitarwa? Shiru kake ji, sai can ya turo min alamar dariya da gumi a goshi. Ban masa faɗa ba don nima na yi nawa shirmen a baya, zan zo kansa.

Abun da ya kamata ya fara sani shine ƙungiyoyin gaske a wannan fannin ba su da yawa kuma duk sun san juna. Uwarsu ita ce Aerospace Medical Association, ana ce mata AsMA, wani likita Louis Bauer ne ya jagoranci kafa ta a Amurka a 1929 lokacin ma maganar jirgin sama kawai ake, sai a 1959 aka sauya mata suna aka shigo da sararin samaniya ciki. Ofishinta na Alexandria a jihar Virginia, tana taron shekara yawanci a watan Mayu, tana da mujalla Aerospace Medicine and Human Performance. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙungiyoyi, cikinsu akwai Space Medicine Association wadda ta faro a 1951, shekara goma cur kafin Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya yi tafiyarsa, akwai ta likitocin NASA, akwai AMSRO ta ɗalibai da masu horon ƙwarewa. Turai na da tasu, ESAM. Duk wadda aka tallata maka a Facebook, ka duba ko waɗannan sun ambace ta a shafukansu, ka nemi sunayen shugabanninta ka ga ko sun taɓa buga wani bincike. Minti goma ya isa, ka tsira da dalarka.

Sai kuma ruɗanin da yafi yawa, mutum ya ɗauka rajista da ƙungiya shine ƙwarewa. Ko AsMA ɗin ta gaske ka shiga, katin mamba ne ka samu, kamar dai yadda katin NMA, ƙungiyar likitocin Najeriya, bai mayar da kai likitan zuciya ba. A Amurka hukumar American Board of Preventive Medicine ce ke bada shaidar ƙwarewa a wannan fannin, bayan mutum ya yi horo a wuri irin makarantar likitanci ta UTMB da ke Galveston a jihar Texas ko Mayo Clinic ko na sojojinsu, kuma kai da ka yi karatu a waje sai ka bi ta USMLE, jarabawar samun lasisin likita a Amurka, tukunna kamar kowa. A Ingila akwai difloma da ake ce ma DAvMed, kwas ɗinta a King's College London ake yi kusan wata shida, kuma sai 2016 ma suka amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta. Don haka dan Allah a daina rubuta "ƙwararre a likitancin sararin samaniya" a ƙasan suna don an biya kuɗin mamba, mutanen nan 'yan kaɗan ne, wanda zai karanta takardarka ya san duk inda ake horon, kallo ɗaya zai gane. Ka rubuta mamba, iyakarta kenan, kuma ba abun kunya bane.

Akwai wata kuma da ake yawan aika ma saƙon neman shiga, International Academy of Aviation and Space Medicine, ta 1955. Ita ba a cike fom a biya a shiga, zaɓar mutum ake bayan ya daɗe a aikin kuma 'yan ciki sun tsaya masa. Amma taronta na ƙasa da ƙasa a buɗe yake ga mai rajista, yana yawo ƙasa ƙasa, kuma tana bada tallafin karatu ga matasan likitoci masu son horo a fannin, wannan ɗin ne ya kamata ɗanmu ya sa ma ido ba kujerar dattawa ba.

Yanzu nawa shirmen. Shekarar da na fara rajista da AsMA na biya kuɗina ina ta murna, sai na zauna ina jira, ni a tunanina wani zai kira ni. Imel na shigowa ina cewa zan karanta in na sauka daga kol, wato aikin kwana a asibiti, kol kuwa ba ya ƙarewa. Wajen watan Maris na ce bari in tura taƙaitaccen bincikena don taron Mayu, na buɗe shafin na tarar an rufe karɓa tun wajen farkon Nuwamba, wallahi ranar ko abinci bai min daɗi ba. Shekara ta zagayo aka ce in sabunta, na duba ban san mutum ko ɗaya ba, ban shiga kwamiti ko ɗaya ba, mujallar ma biyu na buɗe. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Gyaran shine ranar da ka biya, a ranar ka rubuta ranakun rufewa a kalandar wayarka, ka shiga reshen ɗalibai in kai ɗalibi ne tunda kuɗinsu ma yafi sauƙi, ka zaɓi kwamiti ɗaya ka ce musu kana son aiki ko da rubuta bayanin mitin ne, galibi ta intanet ake zaman. Maganar biza kuma kowa ya san halin da ake ciki, kar ka jira a karɓi fostarka ta bincike da za ka nuna a taro kafin ka fara neman ranar intabiyu, in ba haka ba fosta ta je kai kana gida.

Wani abun da ke karya ma yara gwiwa, suna shiga da tunanin kowa a ciki yana duba 'yan sama jannati. Ina! Mafi yawansu aikinsu matuƙa jirgi ne da sojojin sama da masu kula da zirga-zirgar jirage, gwajin ido da kunne da zuciya, wa ya cancanci tashi wa za a dakatar. Masu zama a ɗakin kula da kumbo a Houston tsiraru ne, kuma sunan da ake kiransu da shi na flight surgeon ya ruɗi mutane da yawa, ba tiyata suke ba, likitan iyali ne na ɗan sama jannati a taƙaice, yana bin lafiyarsa kafin tafiya da lokacin da yake can da bayan ya dawo. Kuma ayyukan NASA na gwamnati sai ɗan ƙasar Amurka, har ɗan zaman wata guda da ɗaliban likitanci ke yi a cibiyar Johnson ta NASA haka ne, likitan da hukumar Turai ESA ke turawa tashar Concordia a Antaktika shima daga ƙasashensu ake ɗauka. Gara ka san wannan tun wuri da ka ɓata wata uku kana gyara wasiƙar da ba za a buɗe ba.

To mu ina ƙofarmu? Ta jirgin sama. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, na da likitocin da ta amince su riƙa gwada matuƙa bisa tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, aji na ɗaya na matuƙan jiragen haya, na biyu na masu tuƙa na kansu, na uku na masu kula da zirga-zirga, ga kwalejin horon matuƙa a Zariya tun 1964, ga likitocin sojin sama. Mutum ya raina wannan wai shi sama yake so, alhali ilimin ƙarancin iskar oksijin da canjin matsin iska da jiri duk daga nan ake fara shi. Kuma a nan ne muke da abun faɗa da wasu ba su da shi. Cikin jirgin fasinja matsin iskar kamar kana kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000 ne, yanzu ka tuna jigilar alhazai, dattijo mai hawan jini da ciwon suga zai zauna awanni a kujera ɗaya, ka tuna yawan masu sikila da muke da su da abun da ƙarancin oksijin ke musu. Wannan fosta ce da za a tsaya a gabanta a yi maka tambaya. Amma yaranmu sai su kwafo bayanin cewa ƙashi na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk wata a sararin samaniya su kai ma mutanen da su suka auna abun da hannunsu, kai ma ka san an kai ma mai rijiya ruwa.

Ɗan ƙaramin abu amma yana kunyata mutum: a wasiƙar neman tallafi kar ka buɗe da yabon Hubertus Strughold wai uban likitancin sararin samaniya don ka gani a intanet. Bajamushe ne da ya shugabanci binciken likitancin sojin saman Jamus zamanin Hitler kafin Amurka ta ɗauke shi bayan yaƙi, Space Medicine Association ta yi shekaru tana bada lambar yabo da sunansa tun 1963, daga baya a 2013 ta soke ta saboda ce-ce-ku-ce kan gwaje-gwajen da aka yi a kan fursunoni a wancan zamanin. In dole sai ka ambaci wani, ga Boris Yegorov likita na farko da ya je sama a 1964, ga Valeri Polyakov shima likita da ya yi kwana 437 a Mir, tashar sararin samaniya ta Rasha, a tafiya ɗaya.

Sai yadda muke tura ma manya saƙo. "Ranka ya daɗe ina son ka zama jagorana" ba tare da komai ba, ba wanda zai amsa, ba wulaƙanci bane, bai san me zai ce maka bane. Ka karanta takardarsa ɗaya, ka yi tambaya ɗaya a kanta, ka faɗi abun da kake aiki a kai cikin layi biyu, in sati biyu ya wuce ka sake taɓa shi sau ɗaya. Haka na sa ƙanin nawa ya yi, saƙo uku ya tura, ɗaya ya dawo da amsa har da wasu takardu biyu da aka ce ya karanta kan sikila da tafiyar jirgi. Satifiket ɗin mai roka kuwa yace ba zai yar ba tunda kuɗi ya biya, yana cikin durowarsa tare da rasit ɗin.