Yadda ake tada ɗan jirgin ƙasa mai tururi a tsakar gida, a zafin Sakkwato

Duk wanda ya shigo gidanmu ya ga ɗan jirgin nan shina zagaye gindin dogonyaro tambayar farko ita ce, batir ne ko wutar Nepa? To ba ko ɗaya. Ruwa ne da wuta, tukunya ce ta gaske ta jan ƙarfe, ruwa ya tafasa tururi ya tura fistin ƙafafu su juya, daidai da manyan jiragen da, sai dai shi tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Kawuna da ya gan shi sai da ya zauna kan tabarma ya yi shiru, daga baya ya ce wallahi ɗana har warin iri ɗaya ne da na jirgin Ƙaura. Don mu nan Sakkwato dogo bai taɓa isowa ba, layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, mai son jirgi sai ya yi tattaki zuwa can.

Yayana ne ya taho min da nawa daga Ingila, na hannu, ƙirar kamfanin Roundhouse da ke garin Donkasta. Akwai kuma Accucraft, akwai Regner na Jamus, akwai Aster na Japan, kuma kar in ɓoye maku abin da tsada, ɗaruruwan fam ne wasu ma sun haura dubu. Abin da na gane bayan na sha wuya shi ne, takardar bayanin da ke zuwa da shi an rubuta ta ne don mutanen da sanyi ke damu. Mu kuwa rana ce da ƙura da ruwa mai farar ƙasa, shi ya sa wasu wuraren sai ka juya shawararsu baibai.

Fara da dogon kafin ma ka yi zumuɗin kunna wuta. Faɗin layi iri biyu ne anka fi amfani da su, milimita 32 da milimita 45, ka duba na kan jirginka kafin ka sayi komai, wasu ana iya matsa ƙafafunsu su hau kowanne wasu kuma a'a. Ni na 45 nake da shi don ya fi saukin samu. Kwana kada ta yi tsanani, ko da takarda ta ce zai iya juyawa a ƙafa 2, wato awon daga tsakiyar da'ira zuwa layi, ka ba shi ƙafa 4 ko fiye in filin ya yarda, in ba haka ba da ya ɗauki gudu sai dai ka tsince shi a ƙasa. Kuma layin ya kwanta daidai, ka aro lebul wurin magini ka bi shi gaba da gaba, domin jirgin tururi ba kamar na lantarki ba ne, ɗan hawa kaɗan sai ya tsaya shina nishi, ɗan gangare kaɗan sai ya zura da gudu.

A ƙasa na fara shimfiɗa nawa kan katako kamar yadda na gani a hotuna, damina ɗaya gara ta gama da shi, ga kaji suna tone tsakuwar ga akuyar maƙwabta. Daga baya na sa anka jera bulo anka ɗaga shi zuwa gwiwa anka zuba siminti a sama, na huta. In da hali ma a kai shi ƙugu, bayanka zai gode maka don abin duƙe-duƙe ne.

Sai maganar rana, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki. Ƙarfen dogon yawanci tagulla ce, ita kuwa tagulla tana miƙewa in ta ji zafi, mita 10 in zafi ya ƙaru da digiri 30 za ta ƙara kusan milimita 6. Ka ga kamar ba komai ko? To ka haɗa layi da safiyar hunturu ka matse shi gam ka ɗaure da kusa, ka jira watan Afrilu lokacin da garin ke haura digiri 40 a inuwa balle ƙarfen da ke kwance a rana, za ka fito ka tarar ya lanƙwashe kamar maciji. Don haka a kowace mahaɗa ka bar ɗan tsakani kamar kaurin kati, kuma kada ka kafe shi ko'ina, ka bar shi ya yi motsi cikin tsakuwa.

Yanzu ruwa. Nan fa nake roƙonku ku saurare ni da kyau, kar ka kuskura ka zuba ruwan rijiya ko na burtsatse ko fiya wata a tukunyar nan. Leƙa cikin butar da ake dafa shayi a gidanku, wanga farin abin da ya kama gindinta shi zai kama cikin jirginka, ƙasarmu ƙasar farar ƙasa ce, ba banza anka kafa kamfanin siminti a Kalambaina ba. Buta ka iya kankare ta, amma bututun da tururi ke bi a jirgin nan bai fi tsinken tsintsiya ba, in ya toshe shi ke nan ka shiga uku. Ruwan da ya dace shi ne tataccen da anka tara daga tururi, in babu to ruwan sama. Ni da damina nake tarawa, in bar ruwan farko ya wanke rufin kwano tukuna, sannan in tara in tace da ƙyalle mai tsabta in cika jarkoki in rufe, shi ke kai ni har wata daminar. Ruwan da ke ɗiga daga bayan iyakwandishan ma yana yi in ka tace. Ruwan batir kuwa ni ba na yarda da shi, don ba ka san mi anka zuba a gorar ba.

Man fetur ɗinsa, in mun ce haka, iri uku ne: akwai masu gas, akwai masu sifirit, akwai masu kwal na gaske. Na kwal sai gwanaye. Na sifirit kuma harshen wutarsa ba a ganinsa da rana, sai dai ka ji yatsa na ƙuna, ga iska na kashe shi. Ɗan koyo ya nemi mai gas kawai. Gas ɗin biyuten ne, irin na gwangwanin da ake ɗura wa laita, sai dai ka nemi bakin da ya yi daidai da bawul ɗin tankinka. Kar wani ya ce maka ai duk gas gas ne ka ɗura na girki, na girki haɗi ne akwai wani mai ƙarfi a ciki, ɗan tankin nan ba a yi shi don wanga matsin ba. Turawa kukansu gas ya yi sanyi ya ƙi fita har suna zuba ruwan ɗumi a kan tanki, mu namu a digiri 40 matsinsa ya kusa ninka na digiri 20, saboda haka kada ka bar gwangwani ko jirgin a rana, ko cikin mota a rufe, kuma in za ka buɗe bawul ɗan taɓawa kaɗan ya isa.

To ga yadda nake tada shi, kuma kullum a jere ɗaya nake bi don kar in manta wani. Ina fara ɗura gas a waje nesa da murhu da masu shan taba, in kifa gwangwanin in danna har sai ya fara feso ruwa-ruwa, alamar ya cika. Gas ɗin ya fi iska nauyi, shina kwanciya ƙarƙashin jirgi, shi ya sa nake fara yinsa don kafin in gama sauran ya watse. Sai mai: akwai wani ɗan kofi a ɗakin direba da tururi ke ratsawa ya kwashi mai zuwa silinda, ka kwance ƙasansa ruwan jiya ya zube ka cika da man tururi, mai kauri ne kamar zuma, lamba 460 ake yawan sayarwa. Baƙin man mota ba ya yi a nan, tururi wanke shi yake. Su kuma sandunan ƙafafu da gaɓoɓi ɗigo-ɗigo na mai mara kauri. Sannan ruwa, ka cika tukunya da sirinji har baki sai ka zuƙe kamar mililita 30 ka zubar, don tururi ya samu wurin taruwa, in ka bar ta maƙil ruwan zafi zai riƙa fesowa ta bututun hayaƙi.

Kunnawa: ka buɗe gas kaɗan ka kai laita bakin bututun hayaƙi, za ka ji fuf, wutar ta koma ciki tana wani ɗan gurnani. In ka ga tana ci a gaba ba ta koma ba ka kashe maza ka sake, in ba haka ba fentin goshin zai ƙone, nawa har yau da tabo. Daga nan sai haƙuri, minti 5 zuwa 10 ka zuba wa geji ido, wato agogon da ke nuna matsin tururi, irin nawa in allura ta kai wajen 40 bawul ɗin tsaro ke fara tsartuwa don rage matsin. Ranar da ka ga allura ta wuce inda ya saba buɗewa bai buɗe ba, kashe wuta, kada ka ce bari in gani.

Da ka buɗe masa tururi ba zai tafi nan take ba, silinda da sanyi, zai yi tari ya tofar da ruwa da mai, ka ɗan tura shi gaba ka dawo da shi baya sau biyu uku har ya washe, kuma ka kawar da fuskarka daga saman bututu, farar riga ma ba ranarta ba ce. In ya kama tafiya sai ka rage wuta, yawancin 'yan koyo nan suke ɓarna, gas na ƙonewa bawul na ta fesar da tururi a banza. Ka rataya masa tarago uku ko huɗu masu ɗan nauyi, ni yashi nake zubawa a nawa, da kaya ya fi natsuwa kuma sautin cuku-cukun ya fi fita. Mai rimot ya fi sauƙin sarrafawa, marar rimot kuwa sai ka bi shi da ƙafa.

Ɗuri ɗaya na kai shi minti 20 zuwa 30. An yi lissafin ne gas ya riga ruwa ƙarewa, saboda haka doka ɗaya ce ba ta da sassauci, in ka ƙara gas to ka ƙara ruwa. Tukunya ta bushe wuta na ci, ka yi asarar da mai walda na bakin titi ba zai iya gyara maka ba.

Lokaci kuma, ni bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya nake fito da shi. Da tsakar ranar bazara ko tururin ba ka gani, iska ta shanye shi, amma safiyar Disamba ko Janairu, ko bayan an ɗauke ruwa da damina, sai ka ga farin hayaƙi na bin bayansa har yara su yi ta ihu. Su yaran a tsaya masu, jikinsa na ƙuna sosai, nawa dokar ita ce hannu a baya. Matsalar hunturu ɗaya ce, ƙura, in ta haɗu da mai sai ta zama kamar sanfefa tana cin gaɓoɓi a hankali, don haka kafin ka ɗora shi ka share dogon da tsumma, ranar da hazo ya yi yawa kuwa ka haƙura kawai.

In ya gama ka rufe gas, ka zubar da ruwan kofin mai tun da ɗuminsa, kada ka matse bawul ɗin tururi da ƙarfi don in ya huce zai cije. Ka goge shi tas da tsumma da tsohon burushin haƙori, ka bari ya huce sarai kafin ka sa a akwati mai murfi. Nawa cikin tsohuwar akwatin ƙarfe ta Inna yake kwana, a ƙarƙashin gado, gwangwanayen gas kuwa suna can zaure wurin da rana ba ta kaiwa.